Sayen faifai saboda kyan bangonsa: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini

Tambayoyin nan sun maimaitu har na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ga su wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wauta ce mutum ya sayi faifan garmaho don kawai bangon, wato zanen da ke jikin kwalinsa, ya burge shi?

A'a. Don haka aka yi bangon.

Tun asali da zane faifai yake zuwa?

A'a. Da can a takarda marar ado ake saka shi, kundin da ake haɗa su a ciki kuma kusan suna kaɗai ke jikinsa. A 1940 ne Alex Steinweiss, mai zane a kamfanin Columbia na Amurka, ya fito da bango mai zane don ya ja idon mai saye. Da kamfanin ya ƙaddamar da dogon faifai mai faɗin inci 12 a 1948, shi ne ya tsara kwalin da ake saka shi. Ka ga ke nan bango ɗan talla ne tun ranar farko, kuma ba aibu ba ne.

Na saya, na kunna, kiɗan bai yi mini daɗi ba. Na yi asara ke nan?

Kwantar da hankalinka. Ji ɗaya ba ya isa. Ka ba shi kwana biyu, ka sake kunnawa kana zaune, ba kana aikin gida ba. Kiɗan da kunnenka bai saba da shi ba sai a hankali yake shiga. In ka ji sau uku bai shiga ba, ka yi musaya da wani mai tara faifai. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya sha yin haka.

Mai zanen yakan saurari kiɗan kafin ya zana?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma ba kasafai ake yin ta ba. Wani yakan saurara, wani ba ruwansa. Reid Miles, wanda ya tsara ɗaruruwan bangayen Blue Note, kamfanin faifan kiɗan jaz, a shekarun 1950 da 1960, kiɗan gargajiya na Turawa ya fi so a kan jaz. Da hotunan da Francis Wolff ya ɗauka a ɗakin naɗi da bayanin da aka ba shi yake aiki, duk da haka bangayensa sun zama fuskar jaz. Lemi Ghariokwu kuwa, wanda ya zana wa mawaƙin Najeriya Fela Kuti bangaye 26 tun daga 1974, yana tare da mawaƙin, yana jin waƙa tun ana gwajinta, shi ya sa zanensa yake faɗin abin da waƙar ke faɗi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan sai ka fara sanin wa ya yi wa fuskar kwalliya.

Na ga tsohon faifai mai bango mai kyau, ban san mawaƙin ba, kuma babu damar saurare. In saya?

Ya danganta, kuma ba zan ce maka i ko a'a kai tsaye ba, don ba na gabansa.

Da farko ka juya kwalin. Abin da ke ba ni haushi ke nan: mutum ya tsaya minti biyar yana kallon gaba, bai duba baya ko sau ɗaya ba. A bayan ne za ka ga sunan kamfani, shekara, sunayen makaɗa da kayan da kowa ya kaɗa, da tsawon kowace waƙa. Waƙa biyu kacal a kowane gefe na nufin dogon kiɗa ne, shida ko bakwai kuwa galibi gajerun waƙoƙi ne irin na rediyo. In ka gane sunan makaɗi ɗaya daga wani faifan da kake so, to ka sami madafa. In kamfanin mai tsayayyen salo ne, kamar ECM da Manfred Eicher ya kafa a Jamus a 1969, bangon da kiɗan sukan tafi tare, don mutum ɗaya ne ke kula da duka biyun. In kuwa tarin waƙoƙi ne na araha, babu shekara, babu sunan makaɗi, sai hoto mai ɗaukar ido, sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Sau da yawa na ce, ba kullum ba, don na taɓa samun kiɗa mai kyau a irin wannan kwalin.

Sai ka zaro faifan. Ka tabbata sunan da ke tsakiyarsa ya yi daidai da na kwali, don a kayan gwanjo ana samun faifai a kwalin da ba nasa ba. Ka karkata shi a haske. Karcen da farce ke ji, allurar garmaho ma za ta ji shi. Wanda ido kaɗai ke gani mai yiwuwa ba zai dame ka ba, ko da yake wani faifan yakan yi sumul a ido amma tsohuwar allura ta riga ta cinye shi. Ka riƙe shi daidai ido ka ga ko ya lanƙwashe. Ka shinshina kwalin, warin danshi alama ce ta funfuna.

In mai sayarwa ya hana ka zarowa, cinikin biri a sama ne. A nan sai ka tambayi kanka ko za ka iya biyan kuɗin nan don hoton kaɗai ba tare da ranka ya ɓaci ba. In za ka iya, saya. In kuɗin zai yi maka ciwo, ka rubuta sunan, ka nema a intanet ka saurara, ka dawo. Na sani kafin ka dawo wani na iya ɗauka. Hakan na faruwa, kuma ba ni da maganinsa.

Zan iya rataye kwalin a ɗaki don ado?

Za ka iya, amma don Allah ka cire faifan tukuna. Rana na kashe launi, zafi na lanƙwasa faifai. Kuma ku daina jibge su a kwance, wani kan wani. A tsaye ake ajiye su, kamar littattafai. Na faɗi wannan ya fi a ƙirga.

Haka abin yake ga sidi da kaset?

Haka ne, sai dai hoton ya ƙanƙance. Sidi ya fito a 1982 da faɗin santimita 12, kwalin babban faifai kuwa ya ɗara santimita 30. Dabarar ɗaya ce: duba baya.

Bango mai muni fa, in wuce shi?

Kada ka wuce. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su da kuɗin ɗaukar mai zane, sai su ɗora hoton mawaƙi a tsaye su rubuta suna da manyan baƙaƙe. Ɗauki shi ma ka juya, ka karanta sunayen makaɗan.