Waiwaye: Hali, juriya da zaman aure a gidajen malaman manyan makarantun Kaduna

A shekarun 1970, malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya mutum ne da ake rububin ba shi 'ya. Ga gida a kwatas, ga bashin mota, ga ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya kawo wa ma'aikatan gwamnati a 1974. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya shigo a 1986, naira ta faɗi, albashi ya daina kai ƙarshen wata. Wasu suka bar ƙasar, waɗanda suka zauna suka kama noma da kiwon kaji. Daga baya yajin aiki ya zama ruwan dare: ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta yi wata tara a 2020, ta yi takwas a 2022, gwamnati kuma ta riƙe albashi. ASUP da COEASU, ƙungiyoyin malaman kwalejojin fasaha da na ilimi, su ma sun sha yin nasu. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zo ya ƙara wa wutar itace.

To amma malamai biyu za su kasance a sashe ɗaya, mataki ɗaya, albashi ɗaya, gidan ɗaya ya tsallake lafiya, matar ɗayan kuwa ta yi yaji. Wannan bambanci masana halayyar ɗan'adam suka daɗe suna bi. Tun 1938 Lewis Terman a Amurka ya danganta daɗin aure da halin ma'aurata. A 1987 Kelly da Conley suka fitar da sakamakon bibiyar ma'aurata 300 tun daga baikonsu a shekarun 1930 har zuwa 1980, suka ga cewa saurin damuwa da yawan ƙunci ne kan gaba wajen jawo rashin jin daɗi da saki. A 1995 Karney da Bradbury suka haɗa abu uku: halin da kowa ya shigo aure da shi, matsin da ya faɗo wa gida, da yadda su biyun ke tunkararsa.

Aikin malami ba ya tsayawa a ofis. Takardun jarrabawa na biyo shi falo, ɗaliban da yake duba wa kundin bincike na bugo waya bayan isha'i, ga maƙalun da sai an wallafa su ake samun ƙarin girma. Mai saurin damuwa yakan kwaso ɓacin ran shugaban sashe ya sauke a kan gishirin miya. Idan uwargida ma haka take, kiran ɗaliba ɗaya da dare ya isa ya haifar da zargi. Malama mace nata ya fi nauyi, domin bayan lacca tukunya na jiran ta, tafiya ƙarin karatu kuma sai da yardar miji da wanda zai riƙe yara.

Masana halayyar ɗan'adam Lazarus da Folkman a 1984 sun raba juriya gida biyu: tunkarar matsalar kanta, da kwantar da zuciya. A nan ne mutanenmu ke kuskure, suna kiran zurfin ciki haƙuri. Maigida ya ɓoye cewa bashin asusun gama-kai ya cinye rabin albashi, ya rage kuɗin cefane ba bayani, ita kuma ta ɗauka aure zai ƙara. Ta matsa da tambaya, ya tsere majalisa, gaba ta shiga. Wannan shirun ba juriya ba ne.

Abin da ke aiki shi ne a nuna wa juna ainihin abin da ya shigo bayan cire-cire, a jera buƙatu: abinci, haya, kuɗin makaranta, a je a nemi makarantar yara ta karɓa kashi-kashi tun kafin a koro su. Mai mata biyu ya sanar da su a rana ɗaya, kada wata ta ji a bakin kishiya. A yanke wa ɗalibai lokacin kira. Idan rai ya ɓaci, masanin zaman aure John Gottman ya ba da shawarar a rabu na aƙalla minti 20 sannan a dawo kan maganar, ba a binne ta ba. Addu'a da zikiri na sanyaya zuciya, amma ba sa maye gurbin zaman lissafin. Idan kuma rashin barci, rashin cin abinci da ƙyamar shiga mutane suka wuce sati biyu, abin ya fi ƙarfin waliyyi da aboki, sai ganin likita, kuma akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa.