Waiwaye: Imunofurotiyasom da neman maganin da zai lallashi garkuwar jiki

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani ɗan injin markaɗe da masana ke kira furotiyasom. Aikinsa niƙe furotin ɗin da ya lalace ko ya gama amfani, bayan an liƙa masa wata alama mai suna yubikwitin. Binciken wannan alamar ne ya sa aka ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose lambar Nobel a 2004.

A 1991 aka gano wasu ƙwayoyin gado biyu, LMP2 da LMP7, a sashen da ke kula da garkuwar jiki. Daga nan aka fahimci cewa idan cuta ta shiga, wani sinadari mai suna intaferon gama yakan sa a cire haƙoran yanka uku na injin a maye su da wasu. Sabon injin yana daddatsa furotin ɗin ƙwayar cuta daidai yadda fararen ƙwayoyin jini za su gane shi su kai hari. Keiji Tanaka na Japan da abokan aikinsa suka raɗa masa suna imunofurotiyasom. Su fararen ƙwayoyin jini da irinsa suke zaune kullum, da cuta ko babu.

Magani na farko da ke toshe irin wannan injin bai bambance injinan biyu ba. A 2003 Amurka ta amince da bortezomib don ciwon dajin ɓargo da ake kira mayeloma. Ƙwayoyin wannan daji suna ƙera furotin ba ƙaƙƙautawa, saboda haka in aka toshe musu injin sai tarkace ya shaƙe su. Carfilzomib ya biyo baya a 2012, ixazomib na haɗiya a 2015, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bortezomib cikin jerin muhimman magunguna. Amma bortezomib yana taɓa jijiyoyi: tafin ƙafa ya riƙa zugi, yatsu su mutu, wani ma takalmi ya gagare shi. Mai ciwon daji zai iya daurewa. Wanda zai yi shekara da shekaru yana shan magani saboda ciwon gaɓoɓi ba zai iya ba. Shi ya sa masana suka ce a nemi abin da zai kama imunofurotiyasom kaɗai, tunda a fararen ƙwayoyin jini ya fi yawa.

A nan ne maganar ta shafe mu, mu da ke ƙauyukan Kano da Jigawa. Akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita, kuma lufus na cikin masu tsanani. Ya fi kama mata masu shekarun haihuwa. Sai ka ga matar aure a wajejen Ringim ko Gwarzo gashinta na zuba, kumatunta sun yi tabo, gaɓoɓi na ciwo, ƙafa ta kumbura har in ka danna yatsa sai ya bar rami. Uwar miji ta ce sanyi ne, maƙwabciya ta ce jifa ne. A sha jiƙe-jiƙe, a ƙarshe a je kemis, mai shago ya ƙirga fararen ƙwayoyin prednisolone a 'yar leda ya ce, "Yaya, a ba ta biyu da safe." Kwana kaɗan ta miƙe, kowa ya yi hamdala. Bayan watanni fuska ta yi fam, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, kowace cuta ta samu ƙofa, alhali ƙoda na ci gaba da lalacewa. Ba na ganin laifin mai gidan da ya sayo. Abin da hannunsa ya kai ke nan, kuma shi ne irin maganin da masu binciken ke son a samu madadinsa.

A 2009 wani sinadari mai suna PR-957, wanda ke toshe LMP7, wato ɗaya daga cikin sababbin haƙoran imunofurotiyasom, ya rage kumburin gaɓoɓi a ɓeraye, zukata suka yi sanyi. Sai kuma a 2010 da 2011 aka gano cewa tawayar ƙwayar gadon LMP7 ɗin ce ke haddasa wasu cututtukan gado, ciki har da Nakajo-Nishimura da aka sani a Japan, inda yara ke fama da zazzaɓi mai dawowa da ƙuraje, kitsen fuska ya zube, yatsu su lanƙwashe. Ashe rashin lafiyar injin ma kumburi yake jawowa. Wannan ya isa ya sa mai hankali ya taka a hankali.

Kamfanin Kezar na Amurka ya kai zetomipzomib, wani magani mai toshe imunofurotiyasom, har gwajin masu lufus ɗin da ya taɓa ƙoda. A 2024 aka dakatar da gwajin bayan rasuwar mutum huɗu daga cikin waɗanda aka sa a ciki, kamfanin kuma ya janye daga wannan fannin.

Don haka ina roƙon 'yan uwa kada su yarda da duk mai tallar wani sabon abu da sunan gyara garkuwar jiki. Abin da likitoci ke riƙe lufus da shi sananne ne: hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorokwin da muka sani, da prednisolone bisa awo, da mycophenolate idan ƙoda ta taɓu. Ana duba irin waɗannan marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Matakin farko kuwa ba ya bukatar zuwa birni: ɗan tsinken gwajin fitsari da ake yi wa masu awon ciki a asibitin sha-ka-tafi yana nuna furotin cikin minti ɗaya ko biyu, kuma duk macen da ta zo da kumburin ƙafa da ciwon gaɓoɓi ya kamata a yi mata shi kafin a rubuta mata komai.