Ƙayyade kuɗin kwashe shara a jihar Kalifoniya

Ƙayyade kuɗin kwashe shara shi ne tsarin da hukumomin birane da gundumomin jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka, suke bi wajen yanke abin da gida ko shago zai riƙa biya don a ɗauke masa shara, da kayan da ake sake sarrafawa, da ragowar abinci da ganyayen lambu. Gwamnatin jiha ba ta yanke wa kowa farashi ɗaya. Kowane birni shi ke yanke nasa, amma cikin iyakar da kundin tsarin mulkin jihar ya shata. Shi ya sa gidaje biyu masu kallon juna za su iya biyan kuɗi daban, idan iyakar birni ta ratsa ta tsakiyar titinsu.

Aikin hawa biyu ne. Da farko a gano nawa hidimar take ci gaba ɗaya a shekara, sannan a raba nauyin a kan masu biya. Hayaniyar da ake yi a zauren majalisar birni galibi a kan rabon take. Amma ɓarnar da ta yi suna a San Faransisko, wadda za a zo kanta a gaba, a lissafin farko ta auku, inda jama'a ba su cika leƙawa ba.

Masu kwashewa

Wasu birane suna da motocinsu da ma'aikatansu, kamar Los Anjalas da San Diyego wajen gidajen zama. Da yawa kuma suna ba kamfani ɗaya izinin kwashe sharar garin shi kaɗai, irin su Waste Management da Republic Services da Recology. Kwangilar takan yi tsawo, shekara goma ko fiye, domin motar shara tana da tsada ƙwarai kuma kamfani ba zai sayo ayarin motoci a kan aikin shekara biyu ba. Da zarar an sa hannu, magidanci ba shi da wani ɗan kwangilar da zai koma wa idan farashi bai yi masa ba. Wannan rashin zaɓi shi ne dalilin da ya sa hukuma take shiga tsakani ta yanke farashin da kanta.

Yadda ake lissafin

Abubuwan da ke cin kuɗi sanannu ne: albashin direbobi da inshorar lafiyarsu da fanshonsu, saye da gyaran motoci, mai, kwandunan da ake raba wa gidaje, kuɗin da juji yake caja a kan kowane tan, sai kuɗin masana'antar tsince kaya da ta haɗa taki. Daga jimlar sai a cire abin da aka samu na sayar da kwali da gwangwani da robobi. Idan kamfani ne ke aikin, a ƙara masa riba gwargwadon yadda kwangila ta tanada. Yawancin birane kuma suna karɓar wani kaso daga hannun kamfanin a matsayin kuɗin izini, wanda shi ma a ƙarshe a takardar magidanci yake sauka.

Ba kowace shekara ake tona littattafan kamfani ba. Abin da aka saba shi ne a riƙa yin ɗan ƙari duk shekara bisa alƙaluman hauhawar farashi da gwamnatin tarayya ke fitarwa, sai bayan wasu shekaru a zauna a yi binciken ƙwaƙwaf, sau da yawa da taimakon akantocin waje.

Wajen rabo, tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne biya gwargwadon girman baƙin kwando ko mai ruwan toka, wato na sharar da za ta tafi juji. Girman da aka saba gani shi ne galan 20, da 32, da 64, da 96, kuma galan ɗaya na Amurka ya kusa lita 3.8. Mai ƙaramin kwando ya biya kaɗan, mai babba ya biya da yawa, da nufin mutane su rage zubarwa su ƙara warewa.

A nan ne tsarin yake cin karo da kansa. Mafi yawan kuɗin hidimar ba ya sauka don shara ta ragu: mota za ta bi titin nan ko kwando ya cika ko rabi ne, direba zai karɓi albashinsa, bashin motar yana nan. Idan jama'a suka ji kira suka koma ƙananan kwanduna, kuɗin shiga sai ya faɗi alhali hidima ba ta ragu ba, sai hukuma ta dawo da ƙarin farashi. Magidanci kuwa sai ya ga kamar an saka masa alheri da tsiya. Maganin da birane da dama suka samo shi ne a raba takardar biyu: kuɗin tushe da kowane gida zai biya, sannan kuɗin kwando a kai. Wannan yana daidaita asusu, amma yana rage ribar da mai tsimin shara yake gani a aljihunsa, kuma ko wane gari da inda ya ga dama ya ja layin.

Ƙuduri na 218

A 1978 masu zaɓen Kalifoniya suka amince da Ƙuduri na 13, wanda ya taƙaita harajin gidaje da filaye zuwa kashi 1 cikin 100 na ƙimarsu. Ƙananan hukumomi da suka rasa wannan hanya sai suka karkata ga caje-caje iri-iri. A watan Nuwamban 1996 aka sake zuwa ƙuri'a, aka amince da Ƙuduri na 218, wanda ƙungiyar masu biyan haraji mai ɗauke da sunan Howard Jarvis, jagoran fafutukar Ƙuduri na 13, ta tsaya wa, aka shigar da shi cikin kundin tsarin mulkin jihar.

Sharuɗɗansa game da shara ba su da yawa, amma suna da ƙarfi. Kuɗin da za a tara kada ya wuce abin da hidimar take ci. Kada a karkatar da shi zuwa wani aikin, ko da aikin 'yan sanda ne ko ɗakin karatu. Abin da aka ɗora wa gida kuma ya dace da rabonsa na hidimar. Kafin a yi ƙari, sai an aika wa waɗanda abin ya shafa takarda ta gidan waya, a bayyana adadin da dalilinsa, sannan a jira aƙalla kwana 45 kafin zaman sauraron jama'a. Idan fiye da rabin gidajen suka rubuto rashin amincewa, ƙarin ya mutu. Shara da ruwan famfo da magudanar ƙazanta an keɓe su daga sharaɗin zuwa akwatin zaɓe, wannan rubutaccen ƙorafi shi ne makamin jama'a.

A aikace makamin ba shi da kaifi sosai. Wanda ya yi shiru ana lissafa shi cikin waɗanda ba su ƙi ba, kuma a babban birni tara sa hannun fiye da rabin gidaje cikin mako shida abu ne mai wuyar gaske. Abin da ya fi tsorata hukumomi shi ne kotu, inda nauyin tabbatar da cewa lissafin daidai ne yake wuyan hukuma, ba wuyan mai ƙara ba. Dokar jiha ta kuma yarda a amince da jadawalin ƙari na shekaru har biyar a zama ɗaya, don haka ba kullum ake komawa ga jama'a ba.

Sharaɗin rabo daidai yana da wani sakamako da ba kowa ya hango ba: hukuma ba ta da damar ƙara wa mai hali don ta rage wa talaka. Rangwamen marasa ƙarfi sai an nemo masa kuɗi daga wata hanya dabam. Kuɗin izinin da birane ke karɓa daga kamfanoni ma ya shiga kotu. A 2022 kotun ƙolin jihar ta ba wasu masu gidajen haya a Okland damar ci gaba da ƙarar da suka shigar cewa abin da birnin yake karɓa haraji ne aka sauya wa suna.

Shuɗin kwando da kore

Dokar jiha ta 1989 ta umarci birane su kau da rabin shararsu daga juji kafin shekarar 2000. Daga nan shuɗin kwando, na kayan da ake sake sarrafawa, ya bazu, kuma shekaru da yawa ana nuna wa jama'a kamar kyauta ne. Gaskiyar ita ce kuɗinsa yana ɓoye cikin na baƙin kwando, ragowar kuma cinikin takarda da roba yake rufewa, mafi yawansu ana loda su a jiragen ruwan da suka kawo kaya daga Chaina, waɗanda in ba haka ba fayau za su koma.

A 2017 Chaina ta sanar cewa za ta daina karɓar nau'i 24 na shara daga farkon 2018, ta kuma tsananta sharaɗin tsabtar sauran har zuwa kashi 0.5 cikin 100 na gurɓata. Farashin gaurayayyar takarda ya rushe, har masana'antun tsince kaya suka koma biyan a ɗauke musu abin da da suke sayarwa. Kamfanoni suka yi ta komawa majalisun birane suna neman ƙari na musamman. Akwai kuma wata 'yar ɓaraka ta cikin gida: tun dokar 1986, gwangwani da kwalbar abin sha suna ɗauke da kuɗin ajiya da ake mayar wa wanda ya dawo da su, wanda daga baya ya kai santi 5, manya kuma santi 10. Masu tsince-tsince, kwatankwacin 'yan gwangwan na garuruwanmu, sukan riga mota zuwa kwando su kwashe mafi daraja, su bar wa kamfani abin da ba ya kawo kuɗi.

Koren kwando, na ragowar abinci da ganyayen lambu, ya zo da nasa nauyin. Dokar da aka yi a 2016 don rage iskar methane da ruɓaɓɓen abinci ke fitarwa a juji ta sa burin rage zubar da irin wannan shara da kashi 75 cikin 100 zuwa 2025, kuma daga Janairun 2022 ta wajabta wa birane su kwashe ta daban. Ƙarin mota, ƙarin kwando, ƙarin masana'antar taki, duk a kan takardar wata suka sauka. Wannan doka tana cikin hujjojin da ake yawan kawowa a takardun sanar da ƙari na 'yan shekarun nan.

San Faransisko

Tsarin wannan birni ya samo asali ne daga dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1932, wadda ta raba garin zuwa hanyoyi 97 na kwashe shara. A hankali izinin hanyoyin duka ya taru a hannun kamfanoni biyu da baƙi 'yan asalin Italiya suka kafa, waɗanda yanzu suke ƙarƙashin Recology, kamfanin da ma'aikatansa ne suka mallake shi. Ba a taɓa fitar da aikin kasuwa don a yi takara ba, kuma da aka kawo shawarar yin hakan a 2012, masu zaɓe suka yi watsi da ita da babban rinjaye. Birnin ya yi suna a duniya wajen ware shara, musamman bayan dokar 2009 da ta tilasta wa kowa amfani da kwanduna uku.

Bisa tsohon tsari, kamfani ne ke kawo buƙatar ƙari, daraktan ayyuka na birni ya duba ya ba da shawara. Ribar da aka yarda da ita an gina ta ne a kan cewa daga kowace dala, santi 91 hidima ce, 9 riba. A 2017 aka amince da ƙarin sama da kashi 14 cikin 100. Daga baya ta bayyana cewa kamfanin bai sa wasu kuɗaɗen shiga cikin lissafinsa ba, kuma da an sa su, ƙarin bai kamata ya wuce kimanin kashi 7 ba. Shekaru kusan huɗu jama'a suna biyan abin da ya wuce ƙima. A watan Maris na 2021 Recology ya amince zai mayar wa masu biya dala miliyan 94.5. Daraktan ayyukan na lokacin, Mohammed Nuru, ya amsa laifin zamba a wata shari'ar cin hanci ta gwamnatin tarayya da ta shafi 'yan kwangila da dama, aka yanke masa shekara 7 a 2022. A watan Yunin shekarar masu zaɓe suka ɗauke aikin duba farashin daga ma'aikatar ayyuka suka damƙa shi ga ofishin babban mai kula da asusun birni.

San Diyego da Los Anjalas

San Diyego ta daɗe tana bin wata hanya dabam. Wata doka ta 1919 ta sa birnin yana kwashe sharar gidaje masu zaman kansu ba tare da caji ba, daga babban asusu, alhali mazauna gidajen bene na haya suna biyan kamfanoni. Masu suka suna cewa ɗan haya yana biya sau biyu ke nan, ta haraji da ta kuɗin haya. A Nuwamban 2022 masu zaɓe suka ba da izinin sa kuɗi da ƙyar, majalisar birni kuma ta amince da farashin a 2025 bayan bin matakan Ƙuduri na 218. A Los Anjalas kuɗin gida ya tsaya a dala 36.32 a wata tun 2008, babban asusu yana cike giɓin da ke ƙaruwa duk shekara, har zuwa 2025 da majalisar birnin ta amince da ƙari mai yawa a tashi ɗaya.