Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya

Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya, wadda aka fi sani da NPT a taƙaice, yarjejeniya ce ta ƙasa da ƙasa da aka fara rattaba wa hannu ranar 1 ga Yuli, 1968, a biranen Landan da Mosko da Washington, ta kuma fara aiki ranar 5 ga Maris, 1970. Ta raba ƙasashen duniya gida biyu. A gida na farko akwai ƙasashe biyar da aka amince suna da makaman, wato Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin. Sauran ƙasashe kuwa sun ɗauki alkawarin ba za su ƙera ba, ba za su karɓa daga hannun kowa ba. Abin da aka ba su a madadi shi ne damar amfani da fasahar nukiliya don ayyukan zaman lafiya, da alkawarin cewa masu makaman za su zauna a tattauna yadda za a kwance ɗamara. Ƙasashe 191 ne suka shiga cikinta.

Asali

Amurka ce ta fara gwada bam ɗin nukiliya, ranar 16 ga Yuli, 1945, a hamadar jihar New Mexico, sannan ta jefa biyu a Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta. A 1946 ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya wani shiri, wanda aka sa wa sunan wakilinta Bernard Baruch, na a danƙa harkar nukiliya gaba ɗaya a hannun wata hukumar duniya. Tarayyar Soviet ta ce sai Amurka ta fara lalata nata bamabaman tukuna, daga nan shirin ya sha ruwa. Soviet ta yi nata gwajin a Semipalatinsk ranar 29 ga Agusta, 1949, Birtaniya ta bi baya a 1952 a tsibiran Monte Bello na Ostareliya, Faransa kuma a 1960 a Reggane, cikin Saharar Aljeriya.

A tsakiyar wannan tsere ne Shugaba Dwight Eisenhower ya yi jawabi a zauren Majalisar ranar 8 ga Disamba, 1953, inda ya yi tayin raba fasahar nukiliya da sauran ƙasashe don samar da lantarki da aikin magani da noma. Daga wannan tayi aka haifi Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, a 1957, mai hedkwata a Vienna. Ƙasashe da dama sun samu ƙananan injinan bincike da horon masana ta wannan hanya. Sai dai ilimin da ke kunna tashar lantarki shi ne dai ke kai mutum bakin ƙofar bam, kuma wannan matsala ce yarjejeniyar ta gada tun kafin a rubuta ta.

Ƙaramar ƙasa ce ta fara tayar da maganar a hukumance. A 1958 ministan harkokin wajen Ireland, Frank Aiken, ya kai ƙuduri gaban Babban Zauren Majalisar yana neman a hana makaman bazuwa. Ya yi ta maimaitawa shekara bayan shekara, har a Disamba 1961 aka amince da ƙuduri mai lamba 1665 ba tare da hamayya ba. Rikicin makamai masu linzami na Kyuba a Oktoba 1962 ya tsorata manyan ƙasashen biyu, Amurka da Soviet, kuma a Maris 1963 Shugaba John Kennedy ya bayyana fargabar cewa zuwa shekarun 1970 ana iya samun ƙasashe 15 ko 20 ko ma 25 masu bam. Gwajin da Sin ta yi a Lop Nur ranar 16 ga Oktoba, 1964, ya ƙara wa maganar gaggawa a Washington da Mosko baki ɗaya.

An yi ainihin tattaunawar a Geneva, a kwamitin kwance ɗamara na ƙasashe 18, daga 1965 zuwa 1968. Faransa tana da kujera a kwamitin amma ta ƙi zama. Takwas daga cikin mambobin ba sa cikin ƙawancen soja na Gabas ko na Yamma: Birazil da Bama (Myanmar ta yau) da Habasha da Indiya da Meziko da Najeriya da Sweden da Masar. Abin da ya fi jawo kai ruwa rana shi ne Jamus ta Yamma. Amurka tana da shirin kafa rundunar jiragen ruwa ta haɗin gwiwar NATO mai ɗauke da makaman nukiliya, Soviet kuwa ta ga wannan hanya ce ta bayan fage da Jamusawa za su kai hannu ga bam, shekaru ashirin kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai da Amurka ta jingine shirin aka samu matsaya a wajejen ƙarshen 1966, kuma a Agusta 1967 ƙasashen biyu suka gabatar da daftari iri ɗaya. Ƙasashen 'yan ba-ruwanmu ne suka matsa aka ƙarfafa batun fasahar zaman lafiya, aka kuma sa sashen kwance ɗamara. Babban Zauren ya amince da daftarin ranar 12 ga Yuni, 1968, da ƙuri'u 95, huɗu suka ƙi, 21 suka ƙaurace.

Shigar manyan ƙasashe ta ɗauki lokaci. Jamus ta Yamma ba ta tabbatar da ita ba sai 1975, Japan sai 1976. Faransa da Sin, duk da cewa yarjejeniyar ta ba su matsayin masu makamai, sai 1992 suka shiga.

Abin da ta ƙunsa

Yarjejeniyar gajera ce, sassanta 11. Sashe na ɗaya ya hana masu makamai miƙa su ga kowa ko taimaka wa wata ƙasa ta ƙera. Na biyu ya hana marasa makamai karɓa ko ƙerawa. Na uku ya wajabta wa marasa makamai buɗe cibiyoyinsu ga sufetocin IAEA. Na huɗu ya tabbatar da haƙƙin kowace ƙasa na bincike da amfani da nukiliya don zaman lafiya. Na biyar, kan fashe-fashen nukiliya don manyan ayyukan haƙa, ya daɗe da zama tarihi.

Sashe na shida jimla ɗaya ce tak. Ya ce dukkan ƙasashen za su shiga tattaunawa da zuciya ɗaya don dakatar da tseren makamai nan ba da jimawa ba, da kwance ɗamarar nukiliya. Bai sa wa'adi ba, bai kafa hukumar da za ta bi diddigi ba.

Sashe na tara ne ya ja layin da ya raba gidajen biyu: ƙasa mai makamai ita ce wadda ta ƙera kuma ta fasa bam kafin 1 ga Janairu, 1967. Na goma ya ba kowace ƙasa damar ficewa bayan sanarwar wata uku, idan ta ga wani lamari na musamman yana barazana ga manyan muradunta.

Sa ido

Aikin sufetoci ya ta'allaƙa ne kan sinadarai biyu, yuraniyom da fulutoniyom. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nasa ke da irin da ake buƙata. Yawancin tashoshin lantarki suna aiki da wanda aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5, bam kuwa yakan buƙaci wajen kashi 90, amma injinan tacewar iri ɗaya ne. Fulutoniyom kuma ana tsamo shi ne daga makamashin da tasha ta gama ƙonawa. IAEA tana lissafin kilo 8 na fulutoniyom, ko kilo 25 na irin yuraniyom ɗin da ake nema cikin wanda aka tace sosai, a matsayin abin da zai iya isa bam ɗaya. Sufetoci sukan duba littattafan lissafi, su auna kaya, su liƙa hatimi, su kafa kyamarori.

Tsarin farko yana duba wuraren da ƙasa ta bayyana ne kawai. Bayan Yaƙin Tekun Fasha na 1991 asirin Iraƙi ya tonu: tana cikin yarjejeniyar, ana ziyartar cibiyoyinta, amma tana gudanar da babban shirin bam a ɓoye. Wannan ya sa a 1997 aka fito da ƙarin ƙa'ida mai ba sufetoci damar shiga wuraren da ba a bayyana ba da ɗibar samfuri. Shiga wannan ƙa'ida ganin dama ne.

Waɗanda suka tsaya a waje

Indiya ta halarci tattaunawar Geneva amma ta ƙi sa hannu, tana cewa yarjejeniyar ta nuna wariya. Ta yi gwaji a Pokhran ranar 18 ga Mayu, 1974, da fulutoniyom daga injin bincike da Kanada ta ba ta, abin da ya sa ƙasashe masu sayar da fasahar suka kafa ƙungiyar ƙayyade ciniki a shekarar da ta biyo. A Mayu 1998 Indiya ta sake gwaje-gwaje, Pakistan ta mayar da martani a tsaunukan Chagai cikin watan. Isra'ila ba ta taɓa amsawa ko musantawa ba. Ana kyautata zaton ta haɗa makaminta na farko a wajejen 1966 ko 1967, daga cibiyar Dimona. Sudan ta Kudu, wadda ta samu 'yanci a 2011, ba ta shiga ba tukuna.

Koriya ta Arewa ta shiga a 1985, ta sanar da ficewa a Janairu 2003, ta yi gwajin farko ranar 9 ga Oktoba, 2006, ta kuma kai gwaji shida zuwa Satumba 2017. Ƙasashe sun saɓa kan ko ficewar tata ta cika ƙa'ida.

Waɗanda suka ajiye

Afirka ta Kudu ce kaɗai ta ƙera da kanta sannan ta wargaza. Gwamnatin wariyar launin fata ta haɗa bamabamai shida, aka kwance su kafin ƙasar ta shiga yarjejeniyar a 1991, kuma sai a Maris 1993 Shugaba F. W. de Klerk ya faɗa wa majalisar dokoki gaskiyar lamarin. Bayan rugujewar Tarayyar Soviet, Yukiren da Belarus da Kazakistan sun wayi gari da makamai masu yawa a ƙasarsu, suka mayar da su Rasha suka shiga a matsayin marasa makamai. A Budapest, ranar 5 ga Disamba, 1994, Amurka da Birtaniya da Rasha sun yi musu alkawarin mutunta iyakokinsu. Mamaye yankin Crimea na Yukiren da Rasha ta yi a 2014 da yaƙin da ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 2022 sun sa wannan takarda ta zama abin misali ga masu cewa alkawarin manyan ƙasashe ba abin dogaro ba ne. Ajantina ta shiga a 1995, Birazil a 1998, Libiya kuma ta yi watsi da shirinta na sirri a Disamba 2003.

Batun Iran har yanzu ana taƙaddama a kai. Tana cewa shirinta na zaman lafiya ne ƙarƙashin sashe na huɗu. An ƙulla yarjejeniyar taƙaita shi a 2015, Amurka ta fice a 2018.

Tsawaitawa da rikicin sashe na shida

Tun asali wa'adin shekara 25 aka ba yarjejeniyar. A taron New York na 1995, ƙarƙashin jagorancin Jayantha Dhanapala na Sri Lanka, an tsawaita ta ba tare da iyaka ba ranar 11 ga Mayu. Ƙasashen Larabawa sun amince ne bayan an haɗa da ƙudurin mayar da Gabas ta Tsakiya yankin da babu makaman ƙare-dangi, wanda har yau bai tabbata ba. Wasu masana suna ganin da wannan tsawaitawa marasa makamai suka saki babbar sandar da ke hannunsu.

Masu makamai suna kafa hujja da alƙaluma. Kawunan makaman nukiliya a duniya sun kai kimanin 70,000 a tsakiyar shekarun 1980, yanzu kuwa wajen 12,000 ne, kusan kashi 90 cikin ɗari a hannun Amurka da Rasha. Amma ragin ya zo ne ta yarjejeniyoyin ƙasashen biyu, kuma su ma sun yi ta zubewa. Ta 1987 kan makamai masu matsakaicin zango ta mutu a 2019. Sabuwar yarjejeniyar rage makamai ta 2010, wadda ake kira New START, mai ƙayyade kawuna 1,550 da aka girke ga kowane ɓangare, an tsawaita ta zuwa Fabrairu 2026, sai Rasha ta dakatar da aiki da ita a 2023. Yarjejeniyar haramta gwaji ta 1996 ba ta fara aiki ba sam. Kotun Duniya ta bayyana a 1996 cewa wajibin bai tsaya ga zaman tattaunawa ba, har da kai ta ga ƙarshe.

Akan yi taron bita kusan duk shekara biyar. Na 2000 da na 2010 sun fitar da matsaya, na 2005 da 2015 da 2022 kuwa an tashi baram-baram, na 2022 saboda Rasha ta ƙi kalaman da suka shafi tashar nukiliya ta Zaporizhzhia da ke Yukiren. Ana kuma ja-in-ja kan bamabaman Amurka da ke wasu ƙasashen NATO, da waɗanda Rasha ta ce ta kai Belarus a 2023. Kowane ɓangare yana cewa iko bai bar hannunsa ba, don haka bai karya doka ba.

Gajiya da jira ta sa ƙasashe 122 suka amince da wata yarjejeniya dabam ranar 7 ga Yuli, 2017, mai haramta makaman ɗungurungum. Ta fara aiki ranar 22 ga Janairu, 2021. Babu ƙasa mai makamai ko mamba ta NATO da ta shiga cikinta.