Sayen gida da sauƙin haraji: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Aikina lissafin albashi ne. Tun da sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wayata ba ta huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wurin ɗaurin aure a tare ni, har zaman makoki an taɓa ja na gefe. To ga amsoshin. Duk wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Wai gwamnati za ta ba wanda ya sayi gida kuɗi?

A'a. Ko sisin kwabo.

To ina sauƙin yake?

Idan bashi ka ci don gina gidan da kai da iyalinka za ku zauna, ana cire kuɗin ruwan da ka biya a shekarar daga abin da ka samu, sai a yi wa ragowar haraji. Shi ke nan. Ruwan kawai, ban da uwar kuɗin. Kuma ba sabon abu ba ne, yana cikin tsohuwar doka, mutane ne ba sa nema.

Nawa zai rage mini?

Ɗauki biro. A ce bashin naira miliyan 10 ne, ruwa kashi 6 cikin 100. Shekarar farko za ka biya ruwan kusan 600,000. Idan abin da ake yi maka haraji a kai yana tsakanin miliyan 3 da miliyan 12 a shekara, kashi 18 ake cira a wannan matakin, don haka sauƙin ya kama 108,000. Kada ka fara murna tukuna. Lokacin da kake gidan haya, doka ta yarda a cire maka kashi 20 na kuɗin hayar, iyakarsa 500,000. Mai biyan hayar miliyan 1.5 ana cire masa 300,000, wato harajin 54,000 ya sauka daga kansa. Ranar da ka tare a gidanka wannan ya tafi. Ribar da ta ƙaru a zahiri 54,000 ce, kuma kowace shekara ruwan yana raguwa, sauƙin na bin sa.

Ni da kuɗina na saya, lakadan.

Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Ba ka da abin nema. Kuma don Allah kada wani ya zuga ka ka ci bashi saboda haraji. Wa ke biyan 600,000 don a bar masa 108,000?

Albashina ƙarami ne, zan amfana?

Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Idan bayan an cire fansho da sauransu ba ka wuce nan ba, babu abin da za a rage maka, tunda da ma ba ka biya.

Kuɗin NHF da ake yanka a albashina fa?

Kashi 2.5 ke nan da ake zubawa a asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, bankin ba da rancen gidaje na tarayya, wato FMBN, ke riƙe da shi. Shi ma ana cire shi kafin a lissafa haraji. Abin da ke ba ni haushi, mutum ya shekara ashirin ana yankar masa, bai san lambar asusunsa ba, bai taɓa duba ko kuɗin na isa can ba. Alhali wata 6 na zubi ya isa ka nemi rance a kan ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Je ka nemo lambarka gobe.

Gidan a gine na saye shi, kuma ta bankin Musulunci, babu ruwa. Ina cikin masu samun sauƙin?

Yauwa, wannan ce tambaya. A nan ba zan ce eh kai tsaye ba, ba kuma zan ce a'a ba.

Matsala biyu ce ta haɗu. Ta farko, lafazin dokar ya yi maganar bashin gina gidan da mai shi ke ciki. Wanda ya sayi fili ya ɗora bulo, babu gardama. Wanda ya sayi ginanne, ya danganta da yadda hukumar harajin jiharsa ta fassara kalmar, domin harajin albashi na jiha ne: KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, kowa da inda yake zaune. Kada ka ɗauki abin da aka yi wa abokinka a Legas ka ce dole a yi maka a Katsina.

Ta biyu, kalmar ruwa. Bankin Musulunci ba ya rubuta ta a takardunsa. A murabaha banki ne ke sayen gidan ya sayar maka da ƙarin riba. A ijara kuwa haya kake biya har gidan ya zama naka. Ƙa'idojin harajin da hukumar tarayya ta fitar a 2022 a kan irin wannan hada-hada sun karkata ga a ɗauki ribar bankin a matsayin ruwa wajen lissafin haraji, don kada a cuci wanda ya guji riba. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannunka. Amma jami'in da ke gabanka takarda yake karantawa, kuma idan takardar bankin ta dunƙule komai a adadi ɗaya, ba zai zauna ya raba maka ba.

Don haka ka sa banki ya ba ka bayanin biyan shekara da ya ware uwar kuɗi daban, ribarsu daban. Ka haɗa da yarjejeniyar, da takardar mallaka, da wani abu da ke nuna kana cikin gidan, ko da takardar wuta ce mai sunanka. Ka rubuta wa hukumar a rubuce, ka karɓi kwafi mai hatimi. Mai ijara ya yi hattara: kada ka nemi sauƙin haya da na bashin gida a kan biya ɗaya. Ka tambaye su wanne suka ɗauke ka, su ba ka amsa a rubuce. Idan sun ƙi a karon farko ma kada hankalinka ya tashi, Alhaji, akwai hanyar ƙorafi, kuma gidan dai naka ne.

Na gina na zuba 'yan haya.

Wannan sana'a ce, lissafinta daban. Kuɗin hayar da kake karɓa ma akwai haraji a kansu.

Dillali ya ce in ƙara kuɗin VAT a kan farashin gidan.

Babu VAT, wato harajin sayen kaya, a kan fili ko gini. A kan siminti da rodi akwai, kashi 7.5. Kuɗin rajista da na amincewar gwamna da sauya mallakar gidan kuwa suna nan daram, ka tanade su tun kafin ka biya kafin alƙalami.

Ofishinmu zai cire mini da kansa?

Ta yaya zan san ka ci bashi? Duba nake yi? Kawo takardu.