Izinin horar da karnuka a Jamus: wa ya hau kansa, wa bai shafa ba

Ana ta yaɗa cewa a Jamus sai mutum ya ci jarrabawa kafin ya koya wa karensa ko da zama da tashi, wai kuma wanda aka kama babu takarda shekara uku zai yi a gidan yari. 'Yan'uwanmu mazauna can, musamman waɗanda yara suka matsa wa a saya musu ɗan kwikwiyo, sun fara ɗar-ɗar. An haɗa dokoki uku ne aka dama su wuri guda.

Ta farkon tana sashe na 11 na dokar kula da haƙƙin dabbobi. Tun daga 1 ga Agustan 2014, duk wanda ya mai da horar da karnukan mutane sana'a, ko yake koya wa masu karnuka yadda za su horar da nasu, sai ya nemi izini daga ofishin likitocin dabbobi na yankinsa. Mai kare a gidansa ba ya ciki. Jarrabawar da ake jin labari ta jihar Lower Saxony ce, wadda tun Yulin 2013 take gwada sabbin masu riƙon kare, kuma ba ta hau kan ƙasar baki ɗaya ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne batun sana'a. Ba sai kana da fili da allo a bakin ƙofa ba. Abin da hukuma ke dubawa shi ne ko kana yin aikin da kanka, a kai a kai, da niyyar samun kuɗi. Wanda ya taya maƙwabcinsa hana kare tsalle kan baƙi bai taka doka ba. Amma wanda duk Asabar yake tara mutum biyar a lambun gari, kowa riƙe da igiyar karensa, a tashi a miƙa masa Yuro ashirin-ashirin, to ya shiga, ko da aikin masana'anta ne ke ciyar da shi. Irin wannan mutumin ne ya kamata ya damu.

Yin aikin ba izini laifin tara ne, ba na ɗauri ba. Tarar na iya kaiwa Yuro 25,000, hukuma kuma tana da ikon dakatar da harkar. Wannan adadi shi ne ƙololuwa, ba abin da ake yanka wa kowa ba. Shekara ukun nan daga sashe na 17 na dokar kula da haƙƙin dabbobin aka tsinto ta, kuma hukuncin wanda ya kashe dabba ba dalili ne, ko ya gana mata azaba mai tsanani. Mai izini ma in ya aikata haka takardarsa ba za ta cece shi ba.

Hasali ma izinin bai ba kowa damar yin horo yadda ya ga dama ba. Abin wuyan nan mai jan kare da lantarki haramtacce ne, babbar kotun harkokin mulki da ke Leipzig ta tabbatar da hakan a 2006. Tun Janairun 2022 kuma aka hana sa wa kare abin wuya mai ƙusoshi a wajen horo, har 'yan sandan Berlin sai da suka ɗan janye wasu karnukansu daga aiki saboda haka.

Ni dai ban ga aibin a tambayi mai karɓar kuɗin mutane abin da ya sani ba, tunda kare da aka horar da duka, wata rana yaron gida zai kai wa cizo. Inda dokar ta gaza shi ne ba ta kafa jarrabawa ɗaya ga kowa ba. Wani ofishin ya ga takardar shaidar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta bayar sai ya sa hannu. Wani kuma sai ya zaunar da kai gaban likita a yi maka tambayoyi, a kawo kare a ce nuna mu gani, kuɗin zaman kuma daga aljihunka. Mutum biyu masu ilimi ɗaya, ɗaya ya wuce salin-alin, ɗaya ya sha zirga-zirga, don kawai gundumarsu ta bambanta. Ƙungiyoyin masu sana'ar sun daɗe suna kuka da wannan.