Yadda ake ƙera ƙananan na'urorin auna matsi

Wai me ke cikin wannan 'yar na'ura?

Ita ce ke sanar da direba iskar tayarsa ta ragu, tana cikin na'urar awon hawan jini, tana ma cikin wayoyi da yawa. Wata ƙirar kamfanin Bosch, BMP280, faɗinta milimita 2, tsawonta 2.5, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. A cikinta akwai 'yar fatar silikon (sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi) da aka shimfiɗa a bakin rami, kamar fatar ganga, kaurinta bai kai silin gashi ba. Iska ko ruwa ya danna ta, sai ta ɗan lotsa.

To ta yaya lotsawar ke zama lamba?

A 1954 Charles Smith, yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, ya gano cewa idan aka takura silikon, yadda wutar lantarki ke ratsa shi yana canzawa sosai. Shi ya sa ake dasa sinadarin boron a wurare huɗu a gefen fatar, inda miƙewa ta fi yawa. Fata ta motsa, wuta ta canza, a karanta.

Da wane irin ƙarfe ake sassaƙa abu ƙarami haka?

Babu ƙarfe a aikin. Haske ne da sinadari. Ana shafa wa faifan silikon, mai faɗin milimita 150 ko 200, wani ruwa mai jin haske, a haska masa zane, a wanke inda ake so a rarake. Faifai ɗaya na fitar da dubbai.

Tsohuwar hanya ita ce a tsoma faifan cikin sinadarin KOH mai zafi, ɗan'uwan sodar da ake haɗa sabulu da ita. Yana cin silikon ta baya har sai fatar kawai ta rage. Sai dai ba ya ci a miƙe: bangon ramin kullum karkace yake da digiri 54.7, saboda yadda ƙwayoyin silikon suka jeru, kuma wannan karkata tana cinye fili. Injiniyoyin Bosch a Jamus, Franz Laermer da Andrea Schilp, suka fito da mafita a shekarun 1990: wata iska ta ci ƙasan ramin, wata ta lulluɓe bangon, a yi ta maimaitawa har rami ya nutsa a miƙe kamar rijiya.

Wane mataki ne ya fi wahala?

A ganina rufe ramin da saita awon sun fi sassaƙa ba da ciwon kai. Ana manne silikon da gilashi a zafin da ke kusa da digiri 400 a ma'aunin Celsius, tare da wutar lantarki mai ƙarfi, ba gam ko ɗigo, ramin kuma an zuƙe masa iska. Ƙofa ta ɓule komai ƙanƙantarta, awo ya lalace. Silikon kuma yana jin zafi da sanyi, don haka ake gwada na'urorin a matsi da zafi daban-daban, a ajiye lambobin gyara a cikin kowace kafin ta bar masana'anta.